Awon Ƙafa

Takardar siminti Nadabo ya shimfiɗa,
ya ce in taka, in daina noƙe yatsu.
Guntun fensir ya zaga ƙafata
kamar mai shata harsashin ɗaki.
"Dawo jibi," in ji shi.
Jibin baduku sati uku ce.

Ran da na karɓo su a Ƙofar Doka
jajawur suke, jan karan dafi,
suna warin bagaruwa da man shanu,
suna kuka ƙii-ƙii a barandar makaranta,
har 'yan aji huɗu kan ji tahowata
su yi tsit tun ban kai ƙofa ba.

Sabo ba shi da kunya.
Hancin ya ci ni tsakanin yatsu,
na dama ya tayar mini da bororo,
na koma da ƙorafi.
Nadabo bai ɗago kai daga basilla ba:
"Akuya ce, Malam, ba ta san ka ba tukuna.
Bari ku saba."

Muka saba.
Ban san ranar da kukan ya ɗauke ba,
sai dai na ga yara na ta surutu
ina tsaye a kansu.
Jan ya dushe, ya koma busasshen goro,
daga nan shayi ba madara.
Babban yatsa ya haƙa wa kansa gurbi,
dunduniya ta fafe ɗan akushinta,
zufa ta zana ni a ciki da baƙi,
yatsu biyar, ba wanda ta manta.

Ruwan Agusta ya ritsa mu a gadar Kubanni,
suka sha har suka ƙoshi.
Na jingine su a bango, da safe sun ƙandare,
sun ɗaga baki sama kamar bandar kifi.
Cokali guda na man gyaɗa da tsumma,
Uwani na mitar an taɓa mata na miya,
sannan suka huce, suka sauko.

A ƙofar masallaci, cikin tulin roba da soso,
ba na dubawa, ƙafa ke lalubo nata.
An ɗauke na ladan, an ɗauke na baƙi.
Nawa ko ɓarawo ya zura
zai ji yana tafiya da gurɗen wani.

Sau uku hanci na tsinkewa.
A na ukun Nadabo ya kife su a cinya,
ya daɗe yana bin ƙasan da yatsa
kamar mai karatun wasiƙa.
"Na hagu ya cinye ta gefe guda.
Tun yaushe kake jan ƙafar nan?"
Na ce fata ce ke ƙarya.
Bayan wata biyar likita a Shika
ya faɗi haka nan da Turanci,
ya karɓi kuɗin faɗe goma.

Bara na je da na dama a leda.
Rumfa na nan.
Ukasha ke ciki yana sayar da cajar waya,
ya ce tsoho ya rasu tun azumi.
Bayan ƙyaure, a ƙusa, ga damin takardu,
ƙafafun rabin birni soke da waya.
Ya zaro tawa, da sunana a ajami.

Na shimfiɗa, na taka.
Ƙafa ta fi zanen faɗi,
babban yatsa ya karkace ya tsallake layi.
Wancan mutumin na takarda
yana tsaye daram tun ranar,
bai san asibiti ba, bai san jiran fansho ba.
Na leda ne ya bi ni duk inda na karkata.

Ukasha ya ce, "Baba, akwai na roba,
lamba arba'in da biyu, ruwa ba ya cin su."
Na ce ya duba cikin kayan tsoho
ko basillar na nan.