Injuna Goma Sha Ɗaya

Injunan ban-ruwa goma sha ɗaya a rumfata,
a jere kamar majinyata a barandar asibiti.
Na Malam Barau tun Talata yake tari,
na Ilu Mai Albasa ko tarin ya daina.
Kowa ya zo, na ce masa gobe.
Hannu biyu gare ni, na hagun ya fara rawa.

Da mu biyar ne a nan.
Sagiru, mai kwance kafireto ido rufe,
yana jan adaidaita a Abuja;
abin da nake haɗawa a mako, shi kafin azahar.
Tasi'u ya bi masu haƙar zinariya.
Hashimu ya tsallaka Agadas,
wata bakwai, ko gaisuwa ba ta isowa.
Autan ya kafa teburin cajin waya a tasha,
ya ce baƙin mai ba ya wankuwa.

Ban riƙe su ba. Da me?
Da kuɗin sabulu ran Juma'a?
Manomi sai ya sayar zai biya ni,
ni sai an biya ni in sallami yaro,
ciki kuwa bai san jiran kaka ba.

Zoben fistan na aika Kano tun makon jiya.
Direba ya ce mai ya yi tsada,
sai mota ta cika yake tasowa.

A fadamar Auyo shinkafa ta sunkuya,
lauje ya fi hannu yawa.
Barau ya ninka kuɗin ƙwadago,
mutum uku suka zo, biyu da furfura.
Jan-baki ne kaɗai ba sa makara,
kuma ba sa neman ladan yankewa.

Jiya na kai hannun nan asibiti.
Malama Ladidi ita ce kati, ita ce allura,
ita ce karɓar haihuwa.
La'asar sakaliya ta leƙo ta ce, "Baba, gobe."
Na yi dariya har da ƙwalla.
Ashe haka kalmar take a kunnen mai karɓa.

Yau jikan Ilu, ɗan shekara tara,
ya tsuguna kusa da ƙafata:
"Baba, wanne ne sifana sha uku?"
Na daɗe ina dubansa.
Duk hannun da na koya wa aiki
hanyar tasha na nuna masa.

Na goge ta da gefen riga,
na miƙa.