Masu Sayar da Iska

Tukunyar tururin da muka fara da ita
daga cikin mataccen jirgin ruwa aka ciro ta.
Eleuterio Cárcamo ya saye ta bashi,
ya jawo ta da shanu biyu, ruwa na dukansa,
har bayan gidan surukarsa a Calbuco,
inda rumfar kwano ke yoyo wuri bakwai.

Mu huɗu ne. Ni ce auta, Herminia,
hannuna bai rabu da ƙarnin kifi ba tukuna.
Ya zuba mini ƙwayoyin roba a tafi,
ƙanana kamar sukari,
ya sakar wa sauran tururi.
Suka kumbura kamar gugguru, fari fat,
suka rungumi juna cikin ƙarfen zubi.
Da aka buɗe, ga akwati.
Na ɗaga shi da ɗan yatsa.
Na ce, "To mu me muke sayarwa?"
Ya ce, "Iska, yarinya.
Robar rakiya ta yo."

Wata shida masunta na yi mana dariya.
Sai ranar da motar Mansilla ta mace a hanyar Santiago,
kwana biyu cur.
Kifin akwatin katako ya ruɓe har ƙaya,
na akwatinmu ya isa da sauran ƙanƙararsa.
Daga ranar barci ya yi mana ƙaura.

Aka soma kiwon kifi a keji cikin teku,
kowa akwati, kowa yau yake so.
Rumfa ta haifi ɗaki, ɗaki ya haifi zaure,
muka zama arba'in, muka zama ɗari biyu,
har na daina sanin sunan mai gaishe ni.

A shekara ta goma sha ɗaya gobara ta zo.
Abin da iska ce ba ya barin toka,
baƙin hayaƙi kawai, da ɗigon kwalta a siminti.
Maigida ya sayar da gonar dankalin matarsa
ya biya mu albashi.
Ƙarfen zubi na uku ya tsira,
wanda na taɓa maka wa sifana cikin fushi,
ya lotsa a kusurwa.
Duk akwatin da ya fito daga cikinsa
da tabona, kamar jinjirin wata.

Ximena ta dawo daga karatu da tabarau,
ta gaji kujerar uban tun bai tashi ba.
Ta ƙaro allunan tare sanyi a bango,
da balan-balan masu riƙe keji bisa ruwa.
Tireloli suka riƙa kwana a layi.
Tsohuwar tukunya aka shafa mata jan fenti,
aka girke ta a ƙofa, baƙi na ɗaukar hoto.

Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta ƙi.
Da yamma jikana Nahuel kan ja ni bakin teku.
Tsakanin tsakuwa fararen ƙwayoyi ne birjik,
tsuntsu na tsattsaga, yana zaton abinci.
Ranar Talata ya tono wani ɓallin kusurwa,
ya yi rawaya, gansakuka ta hau shi.
Na goge da babban yatsa.
Jinjirin wata.

An cinye kifin, an binne masuncin,
an binne Eleuterio da hularsa,
akwatin ko gezau.

Na kai wa Ximena. Ta daɗe tana juya shi.
Ta nuna mini sabon injin da ke niƙa tsofaffi,
ya matse iskar, ya mai da su bulo.
Ta ce kilo-kilo suke saye daga masu tsinta.
Na yi dariya har da tari:
buhu guda bai kai kilo ba, 'yar nan,
ubanki ya gaya mini tun farko.

Ban bar mata shi ba.
Yana kan tagata.
Sai na ɗora masa dutse,
don iska na zuwa neman abinta.