Fitsarin Farko

Kafin a bar ni in taɓa mutum
sai da na ɗinke ƙodar rago ɗari da ɗoriya.
Bawuro, mahaucin babbar kasuwar Garwa,
yakan ware min su tun da jijjifi,
da jijiyoyinsu a jiki yadda na roƙa,
ya ƙulle a leda, ya ce,
"Likita, wai ko ɗaya ka taɓa gasawa?"

Ban taɓa ba.
Zare nake bi da su, wanda gashin jariri ya fi shi kauri,
da allura mai lanƙwasar jinjirin wata.
Dakta Dijatu tana tsaye bisa kaina, hannu a baya.
Ba ta faɗa.
Almakashi take sawa
ta tsinke aikin awa guda.
"Sake. Jini bai san a yi haƙuri ba."

Ni da na yi shekara bakwai ina yanka ina ɗinkewa,
ni da ake miƙe wa tsaye a garinmu,
na koma mai riƙe hantsaki.

Sai ga Maikano, masunci daga Lagdo.
Injin wankin ƙoda ya ci kwalekwalensa,
ya ci taru, ya ci filin bayan gida,
sau biyu a mako, bai ƙoshi ba.
Ƙanwarsa Asta ta ce tana da biyu,
ta faɗa kamar mai zancen tukwane.
Uwarsu ce ta tare ni ƙarƙashin darbejiya,
ta kama min hannun riga:
"Ɗan nan, ranar tashin alƙiyama
wa za a mayar wa ita?"
Duk littattafan da na haɗiye
babu wannan shafin.

Talata, cikin zafin Afrilu.
Ɗaki biyu, bango ɗaya a tsakani,
wa a nan, ƙanwa a can.
Aka shigo da ita cikin kwanon ƙanƙara,
fari fat, sanyi ƙalau,
ba ta kai ɗanyen mangwaro ba.
A wannan tsakanin ba ta kowa ba ce.
Sista Rahila tana ƙirga mintoci da ƙarfi
kamar mai bin bashi.

Dakta Dijatu ta ja da baya taki ɗaya.
Taki ɗaya tak.
Na gane.

Ɗinki. Ja. Kar ka matse.
Ɗinki.
Gumi ya bi ƙashin bayana har cikin takalmi.
Raguna ɗari suka taru a yatsuna
suna nuna min hanya.
Talatin da huɗu, in ji Rahila.
Na saki matsewar jijiya.

Launi ya shige ta
yadda ruwan Binuwai ke hawa yashi a damina,
gefe, gefe, sannan duka.
Ta cika, ta yi ɗumi, tana bugawa a tafina
da zuciyar da ba ta taɓa sani ba.

Daga nan sai jira.
Mutum tara, kowa da takardun shaidarsa,
mun zuba wa bakin siririn bututu ido
muna roƙon Allah fitsari.
Abin da ake wankewa kafin salla,
abin da ake dukan yaro a kansa.

Ɗis.
Shiru.
Ɗis, ɗis.

Rahila ta ce wani abu da yarensu.
Mai sa barci ya yi hamdala a cikin ƙyallen bakinsa.
Na dubi Dakta Dijatu ina jiran kalma ɗaya.
Ta ce, "Dasa bututun, ka rufe ciki.
Kar ka yi min gaggawa."
Amma almakashin yana kan tire,
ba ta taɓa shi ba.

Washegari na biya kasuwa, idona jawur.
Bawuro ya miƙo leda tun daga nesa.
Na ce, "Yau gasa min. Sa yaji sosai.
Daga gobe kuma,
hanta za ka riƙa ajiye min."