Mudun Tankari

An ba ni kwana uku da farar takarda.
Ustazu Mishari ya ce, "Tankari, kai ka daɗe a bakin ƙofa,
tsaro mana yadda za mu gane
ko gyaran da aka yi wa ofishin nan ya kama."

Ofishin rigimar haya ne, a Jidda,
hawa na biyu, inda na'urar sanyi ke tari tun safe.
Shekara goma sha ɗaya ina tafinta a nan,
ina ɗauko kuka da Hausa in sauke shi da Larabci,
rabi na zubewa a hanya.

Gyara kam an yi.
An fitar da dogon benci, an jera kujeru masu hannu.
Ƙara ta koma cikin waya.
Fayil ɗin da kan kwana casa'in, yau ashirin ta ishe shi.
Na sa wannan a layin farko, don gaskiya ne.

Sai alƙalami ya cije a kan Uwani.
Ɗaki ɗaya a Hindawiyya, bango na jiƙa,
mai gida ya ƙara riyal dubu biyu ana tsakar shekara.
Wayarta mai tocila ce.
An rufe ƙararta a kwana tara:
mai ƙara ba ta amsa saƙo ba.
A lissafinmu wannan sauri ne, har da yabo.
Ran Juma'a na gan ta a bakin titi
da katifa a nannaɗe da tukunyar gas.
Ta gaishe ni, har ta tambayi yara.

Akwai kuma tsoho Abu Nawaf,
da hayar ɗaki biyu yake sayen allurar sukari.
Ya ci shari'a tun kafin azumi,
takardar na aljihunsa har ta yi laushi,
ko riyal ɗaya bai gani ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mu kuwa daga bene muke auna ruwan.

Don haka na rubuta:
bayan wata shida a koma,
a ƙwanƙwasa ƙofar da aka yi shari'a a kanta,
a ga wa zai buɗe.
A tambayi wanda ya ci ko ya karɓa,
wanda ya faɗi ko ya gane dalili.
A ƙirga masu hawowa su leƙa,
su ga allo, su juya.
Su ma namu ne, ko da ba su da lamba.

Ustazu ya karanta a tsaye, shayinsa na hucewa.
Ya ce, "Babu gurbin wannan a jadawali.
Kuma wa zai bi ƙofofin?"

Na dubi takalmina.
Bara na sake masa dunduniya, zai kai.