Kunnen Hagu

Shekara arba'in ina gefen sikeli
a kasuwar riɗi ta Gadarif.
Rugugin manyan motoci ya cinye kunnen dama,
na hagu kuwa tsufa ke gutsura, a hankali, kamar gara.

Jiya Nazifi ya ce, "Kaka, ga shayi."
Na ce, "Wa ya rasu?"
Aka tuntsire. Surukata ta taɓa goshi da yatsa,
ta ɗauka ban gani ba.

Na gani.
Kurma bai rasa ido ba.

Ku tambaye ni buhu nawa Barau mai rini ya ci bashi
shekarar da fara ta sauka:
sha bakwai da rabi,
rabin nan har ya koma ga Allah bai biya ba.

Amma kada in yi ƙarya,
shiru ma ɓarawo ne.
Kalmar da ta daina shigowa, wata rana ta ƙi fita.
Tun hantsi nake neman sunan tulun gahawa,
ga shi a hannuna, da ɗuminsa.
Sai la'asar ya zo: jabana.

Likitan Madani ya ba ni wani ɗan ƙwaro na roba.
"Sa shi, Baba, ka koma cikin mutane."
Ranar farko cokali ya faɗi kamar aradu.
Ta biyu na ji kurciya a kan dalbejiya,
na ji Nazifi bayan ƙofa yana raɗa:
"A yi hattara, tsohon ya fara ji."

Yaro, da ma ina ji.
Sauti ne kawai ya dawo.