Luguden Ƙafa Biyar

Goggo Dudu ta kawo ƙwan zabi sittin daga kasuwar Pitowa,
ranar Lahadi, a ƙwarya, cikin ƙaiƙayi.
Ta ce, "Kai da ka yi lise, ƙera mini uwa ta ƙarfe."
Na ce to.
Ban san nauyin da na ɗauka ba.

Mataccen firiji na samo a Rumde Ajiya.
Abu biyar na zuba masa a ciki:
wayar zafi, fanka, ɗan injin juya faranti,
mai fesa danshi, da fitilar leƙe.
Shugabansu kuwa ɗan baƙin guntun ƙwaƙwalwa,
bai kai ƙwallon dabino ba,
ƙafafu a jere kamar na shanshani.

Kalma biyu ya iya a duniya: kunna, kashe.
Bai san "kaɗan" ba, bai san "dama-dama" ba.
Shi ko ƙwai ba ya son wuta, ba ya son sanyi,
ɗumin ƙirjin uwa yake so.

Sai ka kunna ka kashe, ka kunna ka kashe,
da saurin da ido ba ya kamawa.
In kunnawar ta yi faɗi, zafi ya hau.
In ta tsuke, ya sauka.
Tsakiyar da babu ita, da lokaci ake ƙera ta.

Amma takardarsa ta ce ƙafa biyu kawai
aka yi wa wannan baiwa tun daga masana'anta.
Biyu. Ni biyar nake nema.
Hamajam mai gyaran rediyo ya ce in sayi babba,
jaka tara, sai an aiko daga Duwala.
Na shafa aljihu, aljihu ya shafa ni.

Na sa agogon cikinsa ƙirga,
daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar,
ya dawo ya sake, bai gajiya.
Kowace ƙafa na yanka mata lamba:
a sifili ku tashi duka,
in ƙirga ya iso lambarki, ki kwanta.
Wayar zafi ɗari da tamanin, fanka casa'in,
fitila ashirin, don leƙe ne ba biki ba.

Fanka ta fara kukan sauro. Na ƙara sauri, ta yi shiru.
Na ce shi ke nan.
Ashe da sauran rina a kaba.

Duk sanda biyar suka miƙe tare
batir ya yi nishi, fitila ta ƙifta,
guntu ya suma, ya farfaɗo bai san inda ya tsaya ba.
Dare uku ina gadin ƙwai da hannu a kan waya,
zafin Garwa a waje, zufa a kan allo.

Asuba ta huɗu, ta bayan katanga,
'ya'yan Malam Sali suna daka.
Taɓarya uku, turmi ɗaya.
Dum, dum, dum, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta,
wannan na sama, wannan na hanya, wannan na ciki.
Na tsaya da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye.

Na koma na raba musu mafari.
Ke tashi a sifili, ke a hamsin, ke a ɗari,
faɗin kowa na nan yadda yake,
shigowa ce kawai ta zama bi da bi.
Batir ya daina nishi.

Kwana uku na ƙarshe na ba injin juyi sifili,
na ƙara wa danshi faɗi.
Daren ashirin da bakwai na ji ƙwas,
ƙaramin baki yana ƙwanƙwasa ƙofarsa daga ciki.

Arba'in da ɗaya suka fito.
Goggo ta ƙirga sau biyu da yatsa,
ba ta kalli guntu ba, ba ta tambayi lugude ba.
Ta ɗaura zane ta ce,
"Sauran sha taran fa?"