Minti Na Sittin Da Uku

Ni ne alƙalin wasa a ranar,
usur a baki, agogo a hannun hagu,
ina tafe kamar lokaci a aljihuna yake kwana.

Filin makarantar Rikoto, a Zuru, Asabar da yamma.
Ruwan Agusta ya ɗauke tun hantsi,
jar ƙasa na manne wa takalma.
'Yan Dabai na gaba da ci ɗaya.

Filibus, mai lamba takwas,
yaron da na koya wa lissafi a aji huɗu,
babu wanda ya taɓa shi.
Ba keta, ba karo, ba laifin da zan hura.
Ya dai tsaya cak,
kamar wanda aka kira sunansa daga nesa,
ya waiga, ya durƙusa, ya kife.

Ƙwallo ta ci gaba da gangara ita kaɗai
har ta fita, ba mai binta.

Keziya ce ta tsallake igiya,
ma'aikaciyar jinya, kallo kawai ya kawo ta.
Ta yar da takalminta, ta haɗa tafi bisa tafi
a kan ƙirjin da ya yi shiru.
Tana dannawa tana ƙirge,
ɗaya, biyu, har talatin,
ta ba shi numfashinta aro, ta koma farko.

Sa'idu, golan abokan hamayya,
ya tuɓe riga yana yi masa fifita,
leɓɓansa na motsi da tasa addu'ar.
Yara ashirin da ɗaya sun zagaye shi a durƙushe,
ba a gane mai ja da mai shuɗi.

Uwarsa na soya ƙosai a bakin fili.
Ta iso da mataki a hannu, mai na ɗiga,
ba ta yi kururuwa ba.
Yesu, ta ce. Yesu. Shi ke nan abin da ta iya.

Ni kuwa, me zan ɓoye,
addu'ar da nake ja wa mutane ran Lahadi ta gudu ta bar ni.
Na dubi agogona, yana ta tafiyarsa.
Na danna, na tsayar da shi,
amma ainihin lokacin bai san da ni ba.

Ashe tsakanin gudu da kabari
babu ko faɗin layin da muka zuba da toka.
Shekara goma sha tara, ƙirji kamar turmi,
numfashin kuwa bashi ne,
Mai shi bai faɗa mana ranar karɓa ba.

A dannawa ta nawa, ban sani ba,
ya ja iska da ƙara, kamar tsohuwar ƙofa.
Motar ɗaukar masara ta kai shi asibiti,
Keziya a baya, ƙafa ba takalmi.

Yana nan da rai.
Likita ya ce shi da ƙwallo sai kallo.
Jiya na gan shi a majami'a, layi na uku,
yana waƙa a hankali, hannu a ƙirji,
kamar mai riƙe da ƙwai.

Ba zan ce don mun fi kowa addu'a ba ne.
Bara mun binne Haggai, ƙanen matata,
an roƙa masa har murya ta dushe.
Ban san dalilin da aka bar wannan aka ɗauki wancan ba.
Abin da na riƙe kaɗan ne:
Wanda muke kira ya san yadda ƙirji ke yin shiru,
nasa ma ya yi, ya kwanta a kabarin aro,
a rana ta uku ya mayar wa mai shi abinsa.

Wasan nan ba mu ƙarasa shi ba.
A takardar rahoto na rubuta: an tsaya a minti na sittin da uku.
Saura ashirin da bakwai.
Suna hannun da ya fi nawa.